Masu Shagon Kwana Goma

Kuɗin hayar shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari na shekara ake biya, a dunƙule, tun kafin mutum ya sayar da yadi ɗaya. Wanda ba shi da wannan ƙarfin, kuma ɗan jari yana masa ƙaiƙayi a aljihu, sai ya nemi gindin wata bishiya, ya aro tebur, ya kafa laima, ya ce bismillah. Ka dawo bayan kwana goma, ba shi ba alamarsa. Dama can kasuwannin karkara rana ɗaya suke ci a mako, Wudil ran Juma'a, Maigatari ran Alhamis, washegari rumfuna su koma wurin hutawar awaki. Masu shigowa harkar ne suka sauya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 albashi ya daina ganin tsakiyar wata, sai ga malamin makaranta, ga akawu, ga matar aure, ga ɗalibin jami'a, kowa ya zama ɗan kasuwar wucin gadi.

Sarkinsu duka shi ne ma'aikacin da ke rikiɗa ya koma mai raguna. Watan Zulhajji na tsayawa zai kwashi adashi, ya ɗauki ƙanin matarsa da aka ce ya san dabba, su nufi Maigatari. Da yamma ga shi da raguna goma sha biyu a bakin titin unguwarsu, ya sha rawani don a ɗauka gadon gidansu ne. Bai san Balami ba, bai san Uda ba. Idan mai saye ya buɗe bakin rago don duba haƙora, shi ma sai ya leƙa, ya gyaɗa kai, alhali bai san abin da ake nema a ciki ba. Kwana ukun farko duk tayin da aka yi masa amsa ɗaya ce: "Albarka, Alhaji, ko kuɗinsa bai kai ba." Dillali na gefe yana zuga shi ya riƙe wuta, ya zagaya ya zuga mai saye ya yi haƙuri, don la'ada ta ɓangare biyu yake hari. A lissafin da mutumin nan ya yi a ofis bai sa dusa ba, bai sa harawa ba, bai sa ladan yaron da ke kwana wurinsu ba, ya manta rago ba ya azumin ranar Arfa. Ran jajibere bayan Isha'i murya ta sauya: "Malam, dawo mana, kawo abin da ke hannunka." Bayan Sallah huɗu suka yi kwantai, aka shigar da su gida. Da asuba uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Maigida, ribar tamu ce take kuka a tsakar gida?" Shi kuwa ya ce ai da gangan ya ajiye su saboda suna, ko da yake babu mai juna biyu a gidan.

Mai ƙanƙarar azumi ya fi shi wayo, amma hajarsa guduwa take. Shekarun da azumi ya riƙa faɗowa cikin zafin Maris da Afrilu, duk wanda ke da firiza da maƙwabcin da ke kan layin wuta mai kyau ya zama attajiri daga La'asar zuwa Magariba. Farashinsa agogo yake bi: da ƙarfe huɗu ba a taya masa, ƙarfe shida yana harare-harare, ana kiran salla kuwa ya fara sadaka da abin da ya rage a buhu. Mutum ne da ba ya ƙaunar ganin hadari, kuma shi kaɗai ne a unguwa ke ɓata rai idan aka kawo wuta ta wuni.

Sai Hajiyar waya. Shekara guda tana ciniki ta WhatsApp da Instagram, ba wanda ya taɓa ganin fuskarta, ran nan sai a ga sanarwa cewa ita da ire-irenta sun kama zauren biki na kwana biyu, kowace da teburinta, har da kuɗin shiga. A nan za ka ga abaya da laffaya da humra da turaren wuta an jera su ƙarƙashin fitila mai zobe. Komai nata daga Dubai ya zo, har wanda ledar wani shagon Kwari ke leƙowa daga ƙasansa. Ki tambaye ta farashi tana tsaye a gabanki, sai ta ce, "Hajiyata, ki min magana ta waya." Ba na raina ta, don da yawansu da wannan suke biyan kuɗin makarantar yara. Matsalarta maƙwabciyar tebur. Kafin a tashi ta sayi jaka wurin ta dama, ta sayi gumba da dambun nama wurin ta hagu, su ma sun sayi humrarta, kuɗi sun zagaya zaure sun dawo inda suka fito. Mai zauren kaɗai ke komawa gida da riba, da mai ɗaukar hoto.

Mai but ɗin mota ba ya kashe inji. Ƙofar masallacin Juma'a da bakin sakatariya ran da albashi ya shiga su ne rassansa. Takalma, shadda, agogo, turare, ido ɗaya kan mai saye, ɗaya kan titi. Ya hango masu kaki, shago ya rufe da hannu ɗaya, wani lokaci da canjinka a ciki.

A filin baje koli, na Kano da ke titin gidan Zoo ko na Kaduna da ke hanyar Zariya, mai lasifika ne ke mulki. Tun ranar da aka buɗe yake shelar cewa yau ce ranar ƙarshe ta rangwame. Yana sayar da injin markaɗe da ke niƙa tattasai cikin ƙiftawar ido matuƙar a hannunsa yake, ya kuma ba ka garantin shekara guda daga rumfar da za a kwance jibi. Kusa da shi akwai mai kwalba ɗaya tilo da ke maganin basir, taifot, sanyi da ciwon baya, kuma in ka tsaya sauraro minti biyu zai gano kana da duka huɗun.

Masu saye ma ba a bar su a baya ba. Akwai mai ɗanɗano, wanda ke bin teburan dabino da kilishi ɗaya bayan ɗaya yana cewa "na can ya fi laushi" har ya ƙoshi. Akwai mai jiran ranar ƙarshe don ya sami arha, ya je ya tarar da takalmi ƙafar hagu biyu. Akwai mai tiransifa, ɗan gadon ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wanda ke nuna maka fuskar wayarsa yana rantsuwa kuɗi sun fita, "matsalar netwok ce, za ka ga alat," alhali ya san gobe ba ka nan balle ka neme shi.

Mai shagon dindindin kuwa yana zaune yana ƙorafi: shi ke biyan haya, shi ke biyan haraji, waɗannan sun zo sun tare masa ƙofa. Gaskiya ya faɗa. Amma leƙa da kyau, tebur na uku daga hagu na ɗansa ne, kayan ma daga cikin shagon aka fito da su, an ƙara musu ɗari biyar an rubuta "rangwame".

Mai karatu, in Sallah ta matso ka je ka saya, akwai arha a wurinsu kuma mutanenmu ne. Sai dai ka sa a jona injin markaɗen a gabanka, ka gwada takalmin ƙafa biyu, ka ƙirga canjinka kafin mai mota ya ja but.