Wa Ya Cusa Baƙin Dutse Cikin Fari?

Na hango Malam Mai-gardama ya riga ya taɓe baki: "Duk abin da ke damun duniya, kai sai zancen dutse?" Yi haƙuri, ranka ya daɗe, gyara zama tukuna.

A yankin Rogaland na ƙasar Nowe akwai wani dutse mai haske da ake kira anotosait. Fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinsa ma'adini ɗaya ne, filajiyokilas. Farin nan da kake gani a fuskar wata ma irinsa ne, kuma yana da dangi a duwatsun Azbin. Sai dai a cikin na Nowe da na Labrado a Kanada za ka ci karo da baƙaƙen ƙwayoyin firoksin, wata har ta kai tsawon mita guda. Ƙwaya ɗaya fa, ba tari ba!

"To, ai nan ta girma, kamar rogo a kunya." Ka ga saurin baki ko? Cikinta maƙil yake da alminiyam, shi kuwa firoksin ba ya haɗiyar alminiyam da yawa haka sai ƙasa mai kaurin kilomita 30 zuwa 40 ta danne shi, can gindin ɓawon duniya. A can narkakken dutse ya kwanta yana hucewa sannu a hankali, ƙwayar tana ta ƙiba kamar ragon layya. Shi kuma farin ma'adinin ba shi da nauyi sosai, sai ya taso kamar ɗanwake a tukunya, ya yi kauri kamar talge, ya ciccibi baƙin ya haura da shi.

Shaida kake nema? Da nauyin ya ragu, ƙwayar ta kasa riƙe abin da ta haɗiya, ta amayar da shi ya zama siraran fararen layuka a jikinta. Suna nan har gobe.

Kai kuma mai cewa "wa ya je can ya gani?", gaskiyarka, ba wanda ya je. Amma a 2014 Grant Bybee da abokan bincikensa sun fitar da awon shekarun ƙwayoyin. Dutsen Rogaland ya kai shekara miliyan 930, ƙwayoyin da ke cikinsa kuwa sun girme shi da shekara miliyan 100 da ɗoriya.

Malam, in har kana nan kan maganarka, zo ka faɗa mana yadda aka yi rogo ya girmi gonarsa.