Rana ta kanti

A Khartum, inda zafin watan Mayu ke haura digiri 40, an samu masu sayen rana. Eh, rana. Fitilar LED ce da ake rataya wa shuka a cikin ɗaki.

Zaɓenta kuwa sai gwanaye. Jan haske don fure, shuɗi don ganye. In an haɗa su, falon wani Alhaji na Omdurman ya rine ruwan hoda, sai ka rantse biki ake. Na'ana'ar shayinsa kuma awa 12 zuwa 16 take so kullum, ba fashi.

To, wutar fa? Madatsar Marawi tana iya ƙoƙarinta, amma mai ɗaukewa ba ya sallama. Sai Alhaji ya hau rufi ya kafa sola. Sola ta kama rana ta ɗura wa batir, batir ya ba fitila, fitila ta haska tukunyar da aka ɓoye wa rana. Allah Ya ƙara basira!

Manoman tsibirin Tuti, can mahaɗar Nilu biyu, tun kaka da kakanni tsohuwar rana suke amfani da ita. Matsalarta ɗaya: ba garanti. In guguwar ƙura ta taso ta dusashe, babu shagon da za a mayar da ita.