Sannu da Aiki, Jirgin Kuza

A cikin ayyukan alherin da Turawan mulkin mallaka suka yi wa Arewa, babu wanda aka yi wa butulci irin ƙaramin layin dogon nan da ya tashi daga Zariya ya hau duwatsun Jos. Kullum zancen layin Baro zuwa Kano na 1911 ake yi, ana koɗa dalar gyaɗa. Shi kuwa wannan bawan Allah da ya shekara 45 yana hidimar raba mu da nauyin arzikinmu, ko sannu ba a ce masa. Ya kamata a biya shi haƙƙinsa.

A fara da yaba masa kunya. A takardun gwamnati sunansa layin dogon Bauchi, domin a lokacin Jos da kewayenta suna cikin Lardin Bauchi, amma har ya bar duniya bai taɓa leƙa garin Yakubu ba. To me zai je yi? Mutane ne kawai a can, da kasuwa, da malamai, da fatake. Kuza kuwa tana Naraguta da Bukuru, kuma mai hankali ba ya ɓata tafiyarsa wajen gaishe-gaishe. Sai a 1961 Bauchi ta ji kukan jirgi, ta wani layi dabam, shekara huɗu bayan an binne mai ɗauke da sunanta.

An soma aikin a 1911. A 1912 ya isa Rahama, a 1914 ya hau tudu ya kai Jos da Bukuru, mil 143 daga Zariya, ta Soba da Dutsen Wai da Jengre. A nan ma akwai abin koyi wajen tattali. Faɗin babban layin ƙasar ƙafa uku da inci shida ne, shi kuwa aka yi masa ƙafa biyu da inci shida, don kada a yi almubazzaranci da ƙarfe a kan mutanen da ba su san daɗin jirgi ba. Saboda haka taragonsa ba ya hawa babban layi, na babban layi ba ya hawa nasa. Duk buhun kuzar da ya sauko sai an sauke shi a tashar Zariya an sake lodawa. Wa zai ce ba a samar wa talaka aikin yi ba?

Tausayinsa ga 'yan dako kuwa ya wuce misali. Kafin zuwansa, a ka ake ɗaukar kuza daga duwatsun Jos har Loko a bakin Binuwai, tafiyar kwana da kwanaki, inda jiragen ruwan Kamfanin Neja ke jira. Da jirgi ya zo sai ya sauke musu kayan, ya hutar da su daga doguwar tafiya, ya bar su su shiga rami da diga da kwano, inda mutum zai wuni yana aiki bai yi nisa da bukkarsa ba. Masu shimfiɗa layin ma ba a wahalar da su da shawara ba. Razdan ya gaya wa sarki adadin da yake so, sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, da asuba dogari ya yi sallama a ƙofar gida. Manomi ya bar gonarsa, ya sassare dutse, aka ba shi 'yan sulalla, da kaka ta yi aka karɓe su a haraji. Kuɗin bai ɓata ba, gida ya koma.

Akwai wasu da ya hutar fiye da kowa. Tun kafin Bature ya san hanyar Jos, maƙeran Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna wanke kuza, suna narka ta, suna fitar da dalma siri-siri da fatake ke kaiwa kasuwanni masu nisa. Sana'a ce mai zafi, ga wuta, ga hayaƙi, ga zuga. Gwamnati ta raba filayen ga kamfanoni da lasisi, jirgi ya riƙa kwashe kuzar ɗanya zuwa bakin teku, aka narka ta a Ingila. Cikin 'yan shekaru murhun Liruwai ya huce, jikokin masu ilimin narka ƙarfe suka sami ɗaukaka zuwa lebura. Ba a dame mu da masana'antar narka kuza a Jos ba sai farkon shekarun 1960, bayan jirgin ya kammala aikinsa lafiya.

Kuma ɗan da ya raina bai ba shi kunya ba. Haƙar kuza ta bunƙasa har ta kai, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta waiwayi Jos don ta ci yaƙinta. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ɗiban gwamna: dubban magidanta daga lardunan Arewa aka kai su ramuka ba da son ransu ba, cikin sanyin da ba su taɓa ji ba, da abincin da bai isa ba. Da yawa ba su dawo ba. Uwayensu da matansu sun jira har suka gaji. An dai ci yaƙin, an yi fareti a Landan, kuma ba a ɗora wa kowa wahalar gina musu abin tunawa ba.

Sauran kamfanonin jirgi na duniya sukan zana tambarinsu a jikin tarago, rana ta dake shi, fenti ya koɗe. Namu ya fi su hangen nesa, a ƙasa ya buga nasa. Duk wanda ya bi ta Bukuru zuwa Barikin Ladi zai gan shi: ɗaruruwan kududdufai masu zurfi da tsibin jar ƙasa a inda Birom suke noma acca. Ba a taɓa neman ko sisi don gyara wannan tambari ba, kowace damina ruwa ke sabunta shi, kuma har yau yakan ci yara da dabbobi.

Sai kuma sanin ya-kamata. A 1927 babban layi ya iso Jos daga Kafanchan, kuza ta sami hanya miƙaƙƙiya zuwa Fatakwal ba tare da sauke-sauke ba, aka faɗaɗa guntun da ke tsakanin Jos da Bukuru aka haɗe shi da sabon layin. Abin da ya rage wa ƙaramin jirgin shi ne mutanen Soba da Kudaru da Rahama, da audugarsu da gyaɗarsu da buhunan hatsinsu. Ya daure ya yi shekara 30 yana wannan aiki da ba don shi aka halicce shi ba. A 1957, saura shekara uku a ba mu mulkin kai, aka rufe shi aka ciccire ƙarafunan, don kada sabuwar ƙasa ta gaji ɗawainiyar layin da talakawa kaɗai yake yi wa amfani. An ajiye kan jirgin a gidan tarihi na Jos don 'yan makaranta su riƙa ɗaukar hoto, mai masara a Saminaka kuwa ya je ya yi ciniki da direban babbar mota.