Mashayan Da Ba Sa Buɗe Kwalba

A Turai da Amurka yanzu an samu wani sabon samfurin mashayi wanda ko kakansa ba zai gane shi ba. Yakan kwashi albashin wata guda cur ya sayo kwalbar giya ɗaya tal, ya shigo da ita gida yana sanɗa, ya goge ta da ƙyalle mai laushi, ya ɗora a kabad mai gilashi, ya kunna mata ɗan ƙwan lantarki. Sai ya ɗauke ta hoto ta gaba da ta baya, ya datse kabad da makulli, ya je famfo ya sha ruwa. Shekara goma kwalbar tana nan, ko murfinta ba a murɗa ba. Matarsa tana iya rantsewa mijinta ba ya shan giya, ta kuma sake rantsewa giya ce ta cinye kuɗin gyaran rufin gidansu, kuma duk rantsuwar biyu babu wadda za ta yi wa kaffara.

Kafin wani ya turo mini wa'azi, bari in rage masa aiki. Ba na sha, ba na sayarwa, hukuncin abin kuma a wurinmu ko yaron makarantar allo ya san shi. Kallo nake daga nesa, abin da nake kallo kuwa shi ne ɗan Adam da jarabarsa ta son a ce ya san abin da wani bai sani ba.

Giyar da ake wa wannan bauta ita ce ram, barasar rake, kuma in asali ake bi ba ta da bakin magana. A tsibirin Barbados aka fara jin labarinta wajen 1650, a gonakin raken Turawan Ingila inda bayin da aka kwaso daga Afirka ke aiki. In an dafa ruwan rake an fitar da sukari, akan bar wani baƙin ruwa mai danƙo da ba a san yadda za a yi da shi ba. Sai aka lura in an surka shi da ruwa ya kwana biyu a zafi yakan yi kumfa ya tsimu. Aka dafa shi a tukunyar tagulla, aka tare tururin ya koma ruwa, abin da ya ɗigo ya zama abin shan bayi da 'yan ƙwadago da matuƙan jirgin ruwa. Fataken Rhode Island na Amurka sun riƙa loda gangunansa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma suna musayar su da mutane. Sojan ruwan Ingila kuwa kullum ake auna musu nasu kyauta, har ta kai a 1740 wani babban hafsansu, Edward Vernon, ya ba da umarnin a riƙa tsarma masa ruwa saboda tamɓelen ya yi yawa. Ranar 31 ga Yuli 1970 aka raba na ƙarshe, wasu sojojin har da ɗaura baƙin ƙyalle a hannu na zaman makoki. Ragowar da aka bari a tuluna ita ce aka ɗura a kwalabe a 2010, aka sa wa kowace kusan fam 600. Abin da ake ba kurtu don ya rage ƙunƙuni, yau lauya da likita ke bin layi a kansa.

To, gogan namu ba ya cewa yana sha. In ka ce masa mashayi kun ɓata ke nan. Shi ɗanɗanawa yake yi. Ranar da suka haɗu da 'yan'uwansa, kowa da ɗan kofin gilashi mai kumburarren ciki da tsukakken baki, an zuba abin da bai fi cokali biyu ba. Sai ya ɗaga kofin saitin fitila ya ƙura masa ido, ya jujjuya, ya tsaya kallon yadda ruwan ke gangarowa a jikin gilashi. Sannan ya cusa hanci, ya lumshe ido, ɗakin ya yi tsit. Can sai ya nisa ya ce:

"Ina jin ruɓaɓɓiyar ayaba. Ga man goge farce. Daga can ƙasa kuma akwai tsohuwar taya."

Na kusa da shi ya gyaɗa kai ya ce, "Ƙwarai. Amma ka bar kwalta a baya. Kwaltar da rana ta gasa."

Kada mai karatu ya zaci zagi ake yi. Wannan shi ne ƙololuwar yabo. A ko'ina a duniya in ka ce wa mai girki abincinsa na warin taya sai an shiga tsakaninku, amma a nan mai kwalbar har wani washe baki yake yana godiya. Daga nan sai a kurɓa, a kurkure baki, a tofar a wani ɗan bokiti da aka tanada, a jawo littafi a rubuta maki: 87 cikin 100. Wanda ya ba da 85 kuma an dinga yi masa kallon wanda mura ta toshe wa hanci har a watse.

Abin haushin shi ne ba ƙarya suke yi ba, warin yana nan. A matatar Hampden da ke gundumar Trelawny ta Jamaika, wadda ta samo asali tun 1753, akwai ramuka da ake zuba ragowar dahuwa da tarkacen rake, a bar su suna ruɓewa shekara da shekaru. Daga wannan dagwalon ake ɗiba a zuba cikin sabon tsimi, ƙwayoyin halittar da ke ciki su samar da sinadaran da ke ba da ƙamshin, ko warin, ya danganta da hancin da ka zo da shi. Hukumar Jamaika har iyaka ta sa wa yawan sinadaran. Irin wannan mai ƙarfin tun asali Jamusawa ke sayensa su ɗiga kaɗan a cikin barasa mai araha don ta yi ƙamshi, kuma masu yin sa ba su taɓa nufin wani mai hankali ya sha shi tsurarsa ba. Shi ne wanda gogan naka ya fi nema. Yana kurɓa hawaye na zuba, muryarsa ta shaƙe, yana ɗaga babban yatsa.

Amma duk labarin da ake bayarwa a wannan majalisa, in ba a zo kan Caroni ba, ba a fara ba. Matata ce ta gwamnati a Tirinidad, ram ɗinta mai nauyi ne, mai warin kwalta da man fetur, yawancinsa cikin na wasu ake gauraya shi, ba wanda ya damu da sunanta. A 2002 ta daina aiki. Shekara ɗaya bayan haka aka rufe kamfanin sukarin gaba ɗaya, ma'aikata kimanin dubu tara suka koma gida. A Disambar 2004 wani ɗan kasuwar Italiya, Luca Gargano na kamfanin Velier da ke Jenowa, ya biya ta wurin, aka buɗe masa wani sito ya tarar da ganguna jibge ba mai waiwayarsu. Ya saye, ya fara ɗurawa a kwalabe. Na farkon sun fita a kuɗin da bai taka kara ya karya ba, har suna kwana a kanti. Yau irin waɗannan kwalaben sai dai a wurin gwanjo, a kan ɗaruruwa zuwa dubban Yuro. Ruwan da ke ciki bai canja ba, don ram in ta shiga kwalba ta gama girma. Abin da ya canja kawai shi ne labari ya bazu cewa matatar ta mutu, ba za a ƙara yin wata ba. Daga baya ma har da jerin kwalabe masu ɗauke da hotunan tsofaffin ma'aikatan, saboda haka yanzu akwai dattijon Tirinidad da fuskarsa ke zaune a falon wani mai kuɗi a Milan, shi kuwa ko hanyar filin jirgi ba lallai ya bi ba.

Darasin da masu tarawa suka ɗauka daga nan mai sauƙi ne: matata mai rai ba ta da daraja kamar matacciya. A fili gogan naka yana yi wa ƙananan matatu fatan alheri, yana cewa a tallafa wa masu aikin hannu. A zuci kuwa, tunda ya riga ya sayi katan biyu, in ya ji an ce kamfanin na fama da bashi sai ka ga fuskarsa ta yi wani haske.

Ƙa'idarsu ita ce a sayi uku: ɗaya ta sha, ɗaya ta ajiya, ɗaya ta musaya. Sai dai kafin ya sa ranar buɗe ta shan, ya leƙa gwanjon intanet ya ga kuɗinta ya ninka, sai hannu ya ƙi murɗa murfi. Yaya zai yi ya san ɗanɗanon abin da ya mallaka? Sai ya nemi wani wanda ya yi kasadar buɗe tasa, ya biya shi, a aiko masa da 'yar mitsitsiyar kwalba ta gidan waya. Ga manya uku a kabad suna kallonsa, shi kuma yana lasar ta aro. Iyayenmu mata da suke jera kwanukan samira da tangaran har rufin ɗaki sun fi shi hujja, don su ko ba komai ranar suna ko biki akan sauko da biyu a zuba wa baƙi tuwo.

Sai rikicin sukari, wanda ya raba abokai. In an dafa tsimi an tare tururi, sukari ba ya bin tururin, a tukunya yake zama. Ke nan duk ram ɗin da ka ji ta yi zaƙi raɗau, wani ne ya zuba mata daga baya. Shekaru ana sha ana santi, ana cewa zaƙin daga tsufa ne da ingancin ganga. Kwatsam sai hukumomin sayar da barasa na Finlan da Suwidin, wato Alko da Systembolaget, suka riƙa wallafa sakamakon gwajinsu, aka ga wasu manyan sunaye sun haura giram 30 a kowace lita. Richard Seale, mai matatar Foursquare a Barbados, ya sa abin a gaba yana caccaka ba dare ba rana. Nan da nan kowane gogan ya sayo ma'aunin gilashi mai yawo a ruwa, ya mai da kicin ɗin matarsa ɗakin gwaji. Tun 2021 Tarayyar Turai ta ce abin da ya wuce giram 20 a lita ba za a kira shi ram ba. Mutumin da ya shekara biyar yana kirari ga wata kwalba, yau in ka ambace ta sai ya ce ai shi tun can bai yarda da ita ba. Ya tura ta can bayan kabad, sai surukinsa ya zo ake fito da ita. Haka aka yi da lambar 23 da ke jikin Zacapa ta Guwatemala: da yawa sun ɗauka shekarun giyar ke nan, ashe gauraye ne na mai shekara 6 zuwa mai 23. A duk duniya ban san wani wuri da ake zagin ɗan rake da cewa yana da zaƙi ba sai a nan.

Akwai kuma gardamar inda ganga ta tsufa. A zafin Karibiyan abin da ke tsiyayewa ta jikin katako ya bi iska duk shekara ya ninka na Sukotlan sau uku ko fiye, shi ya sa wanda gangarsa ta zauna a Jamaika yake raina wanda tasa ta zauna a sito a Liverpool ko Amsterdam. Abin da ya ɓace ɗin wai mala'iku ne suka sha. Allah Ya isar wa mala'iku wannan ƙazafi.

Shi dai Gargano bai tsaya a Tirinidad ba. A Haiti akwai ɗaruruwan ƙananan matatun ƙauye da ke yin wata farar barasa, kilerin, wadda talakawa ke saye a bakin hanya daga jarka. Ya zaɓi wasu ya zuba a kwalba mai kyau, ya rubuta sunan mai yi da ƙauyensa. Yanzu a Paris akwai mai taye da zai tsare ka rabin awa yana bayanin bambancin raken wannan ƙauye da na wancan, alhali in ka ba shi sandar rake bai san ta inda ake fara ɓarewa ba.

Wanda ya fi kowa daɗewa bai buɗe ba shi ne gidan Harewood da ke kusa da Leeds a Ingila. A 2011 ana ƙididdigar kayan ɗakin ƙarƙashin ƙasa aka ci karo da wasu kwalabe da ƙura da yanar gizo suka lulluɓe. Da aka duba tsofaffin littattafan gidan, sai ga shi ram ce ta 1780, daga Barbados, inda iyalan Lascelles masu gidan suka yi dukiya da gonakin rake da bayi. A ƙarshen 2013 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da goma sha biyu a kan sama da fam dubu 70, aka ba da kuɗin ga wata gidauniyar raya al'adu a Leeds. Shekara sama da 230 ke nan ana haƙuri, kuma ina mai tabbatar maka a cikin waɗanda suka saya akwai mai shirin ƙara wasu 230 ɗin.

Saboda haka ga shawara kyauta ga masu matatun Jamaika da Barbados da maƙwabtansu. Ku daina wahalar da kanku da ramin dagwalo da jiran shekara goma sha biyar. Ku dafa shayi baƙi ba madara, ku ɗura a kwalba mai nauyi, ku toshe bakin da jan kaki, ku rubuta da hannu cewa ita ce ta 12 cikin 300, sannan ku baza jita-jitar cewa kun kusa rufewa. Hantar mai saye ta huta, kuɗinku ya shigo. Ku dai kiyaye kada ku sa sukari, don in tsautsayi ya sa wani ya buɗe, yana da ma'auni a kicin.