Zuwa ga Ciyaman, mai kamfanin allo

Ranka ya daɗe Ciyaman! Ko Manajan Darakta zan ce? Ai duk muƙaman naka ne, har da na ɗan aike da na mai shara. Bazazzagi bawan Kanawa, ka shigo garin masu kasuwa ka buɗe shago a Gyadi-Gyadi, kuma tsakani da Allah shagon ya yi kyau: na'urar POS a kan tebur, caja da gilashin waya da kake sarowa a Farm Centre, firji cike da kunun ayan uwargida. Sai dai allon ya fi ƙofar faɗi. Ga "Global", ga "Investment", ga "Nig. Ltd" da jan fenti. Hukuma ɗaya ce ta san da zaman kamfanin nan, ita ce mai fenti, shi ma na ji yana bin ka ciko.

Ku Zage-zagi kun ishe mu da cewa ku ne masu boko, jami'a a bayan ɗakinku tun 1962. To ina bokon ya maƙale? Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni tana nan tun 1990, ta girmi gemunka. Abin da take nema a wurin irinka bai taka kara ya karya ba. In za ka yi kasuwanci da sunan da ba naka na yanka ba, a duba ko wani ya riga ka, ka yi masa rajista cikin kwana 28 da buɗe shago. Da sunanka da na mahaifinka ka rubuta, da doka ta ƙyale ka a kan wannan. Amma ina! Bazazzagi ya tsaya a sunan yanka alhali ana raba "Global" kyauta?

Rajistar kuma iri-iri ce, bari Bakano ya karantar da kai. Mai rajistar sunan kasuwanci kawai, shi ne kasuwancin: bashi ya ci shago, to ya ci babur ɗinsa har da na'urar sola ta gida. Kamfani mai "Ltd" kuwa mutum ne daban a idon doka, ya ci bashi da sunansa, a kai shi ƙara da sunansa, mai shi ba ya ɗaukar abin da ya wuce hannun jarin da ya amsa. Da can sai an haɗa mutum biyu. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, muddin jarin da aka rubuta bai gaza naira 100,000 ba. Kai ka ɗauki haruffan ka bar rajistar, abin da doka ta hana. Kuma don ƙarfin hali, a ina? A bakin Court Road! Ka hango Asibitin Malam da 'yan jinya masu neman tsabar kuɗi da tsakar dare, wannan dabara ce, na sara maka. Ba ka waiwaya ka ga Babbar Kotun Tarayya ba, wadda shari'ar kamfanoni take hannunta. Ranar da aka neme ka, ko Adaidaita ba sai ka hau ba.

A 2024 aka ce duk mai POS ya yi rajista kafin 7 ga Yuli. Ka gyara hula ka ce za su ɗaga. Suka ɗaga zuwa 5 ga Satumba, ka ci wannan, har yau kana ba da labari kamar kai ka ba su shawara. Daga baya da ciki ya ɗuri ruwa sai ka miƙa kuɗi ga wani yaron kafe mai cewa ya san wani a ciki, ya kawo maka takarda mai tambari ka sa a gilashi. Ciyaman, shafin CAC a buɗe yake, kowa na iya rubuta sunan kamfani a wayarsa ya gani ko akwai shi. Na ce ka gwada, ka ce ba ka da data. Ko da ta gaskiya ce ma, akwai rahoton shekara-shekara, wanda bai kai ba sai a nuna kamfaninsa ya kwanta. Kunun ayan da ka liƙa wa takarda mai hoto kuwa lambar NAFDAC yake jira. Ban ce ba daɗi, na sha gora biyu bashi. Masu karɓar kuɗin shago na ƙaramar hukumar Tarauni su kam sun san ka: suna karyo kwana alwala take kama ka.

Duk wannan wasa ne, kuɗi kaɗan da yini guda sun kashe shi. Abin da ya hana ni barci a madadinka shi ne yayan uwargida. Shi ya sayi firji, shi ya zuba kuɗin da POS ke juyawa, kuma babu ko guntuwar takarda a tsakaninku. Na tambaye ka rance ne ko jari, ka ce "ai mu 'yan'uwa ne". Na tambaye shi a wurin ɗaurin aure, ya ce rabin shagon nasa ne. Ka ji fa! In rance ne, kuɗinsa zai karɓa cif, ko an ci riba ko an faɗi. In jari ne, riba tare, asara tare, kuma yana da ikon ya ce a buɗe masa littafi. Wane littafi? Cinikin shago da kuɗin cefane da gudummawar biki duk asusu ɗaya suke shiga, naka. Yanzu ana dariya don riba ba ta yi kauri ba. Bari ta yi, ko kuwa, Allah ya kiyaye, ɗayanku ya riga ɗaya, magada su zo da nasu lissafin gaban alƙali. Sannan ka ga ɗan'uwa.

Kuma kar ka ce mini takarda al'adar Nasara ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ɗan Zazzau, garin malamai, sai Bakano ɗan tireda ne zai ja maka baƙi? Fallen takarda ɗaya ya isa: wa ya kawo nawa, yaya za a raba, in wani zai fita me zai ɗauka, shaidu biyu su sa hannu. Mai gidan da ka kama wa shago ma ka karɓi rasit da yarjejeniya, don na ga yadda yake ƙirga masu shiga wurinka da ido.

Ran Asabar ina tafe. Ka tanadi lambar NIN, da hoton fasfo wanda ba ka sa baƙin gilashi ba, ka kira surukin naka. Ladan aikina ba yawa: kuɗin sharar da kake ta kauce mini tun watan Cika-ciki, da a yafe gora biyun nan, sai kujerar darakta guda. Ta mai shara na bar maka, ka iya ta.