Kanon da Amina ke mulka

A watan Agusta na 2021 kamfanin Microsoft ya shigar da Hausawa cikin wasan kwamfuta na dabarun yaƙi, Age of Empires III, ta wani ƙari mai suna The African Royals. Hedikwatar daular ita ce Kano. Mai mulkinta kuwa Sarauniya Amina ta Zazzau.

Nan fa ake yin ta. Bazazzage zai ce ai Turawan sun yi bincike, tunda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta cewa Kano da Katsina sun taɓa kai mata haraji. Bakano kuwa ya ce kwamfutar ce ta samu matsala. Wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa ya samu sabon fili ke nan.

A yaba musu, sun yi ƙoƙari: ga barade cikin lifidi, ga maroƙa, ga shanu da ke jawo wa mai su faɗa-a-ji. Har da wani gawurtaccen soja mai suna Maigadi, abin da zai faranta ran mai tsaron ƙofar masana'antar da ta daɗe a rufe a Bompai.

Inda almarar ta fi ƙarfi shi ne harkar arziki. A Kanon wasan, da an danna sai gini ya tashi, aiki ba ya tsayawa. Masu masana'antu a Sharaɗa da majemun Challawa za su so sanin nawa Amina ke sayen man janareta.