Saharar Bayan Paki

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano a Paki cikin watan Afrilu, ba wuta ba iska, ya san mutum na iya karɓar kowace irin shawara. Da rana zafi kan kusanci digiri 40, da dare kuma kwano ya sauke maka abin da ya wuni yana tarawa. A wannan hali abokinmu direban tirela ya ce tausayinmu yake ji. Wai a bayan Agadas, komai ƙunar rana, dare na yi sai ka nemi bargo. "Sirrin fili ne kawai. Ku bar gari, ku kwana a sarari."

Gaskiya ya faɗa, amma ta Agadas. Can iska busasshiya ce, rana na faɗuwa rairayi ke sakin zafi. Mu kuwa da bazara iskar damina ta fara shigowa da laimarta, ita ke danne zafin a ƙasa. Malamin firamaren da ke cikinmu ya ɗauko wannan bayani, aka ce ya ajiye sai Litinin a aji.

Ranar Asabar bayan la'asar muka hau babura da tabarmi, jarkar ruwa, kayan shayi, rake ɗan Maƙarfi, da kaza mai rai, don kada nama ya lalace a hanya. Da yake ƙasarmu ba rairayi, Direba ya zaɓa mana wani shimfiɗaɗɗen fa a bayan gari, ya ce nan ya fi kusa da sahara.

Dutse ya wuni yana shan rana. Bayan isha'i muka kwanta, kafin hira ta yi nisa mun zama waina a tanda, sai dai kowa shi ke juya kansa. Direba ya ce tabarma ce ke riƙe zafi. Aka naɗe tabarmi, aka tuɓe riguna, aka miƙe a kan zallar dutse.

Abin da ba wanda ya tambaya shi ne, me manoman ƙasar Ikara ke yi da fa da rani? Shanya. Tumatir, tattasai, da barkono. An kwashe an ɗura a buhu, amma garin yana nan maƙale a kowace tsaga, jiran gumi kawai yake. Bayana ya fara da ɗan ƙaiƙayi, na ɗauka sauron fadamar rake ne, don shi ma ya halarta da iyalansa. Malam ya yi atishawa, hawaye ya zubo, ya sa tafin hannu ya murje ido. Ihun da ya kurma har kaza sai da ta amsa.

Ba a jima ba tocila ta haske mu ta ko'ina. 'Yan sintiri ne. Ban ga laifinsu ba: a wannan zamani ga ƙarti ba riga, ga babura, a daji, tsakar dare.

"Kowa ya kwanta!"

"Baba, a yi mana rai mu tsuguna," in ji Direba. "Kwanciyar ce ta jawo ihun."

Shugabansu, wani dattijo, ya dallare min fuska.

"Kai yaro, ba mahaifinka ke sayar da taki a kasuwa ba? Me kuke yi a nan?"

"Shan iska, Baba."

Ya tsotsi yatsa, ya ɗaga sama, ya jira. Ko ganye bai motsa ba.

"To kun shanye ke nan. Ku wuce mu je."

Haka muka tura babura zuwa ƙofar mai unguwa, muna tafe muna susa. Da asuba ya saurare mu har ƙarshe, ya tambayi Direba ko a Agadas ɗin ma a kan barkono ake kwana, sannan ya yanke hukunci: kaza ta 'yan sintiri ce, ladan tashin da aka yi musu.

Direba har yau cewa yake ba mu yi nisa da gari ba ne. Malam kuwa ranar Litinin da baƙin tabarau ya shiga aji.